Bututun Da Ya Daina Kuka

Tun ranar da Baba ya ce a'a, barci ya tattara kayansa ya bar gidan.

Auta ce ta fi kowa jin jiki. Ta yini a tsaye a shagon labule da almakashi a hannu, ta dawo ƙafafu sun yi suntum, ta ɗora tukunya, ta sauke, ta kwanta. Maimakon hutu sai wani aikin ya fara, aikin kasa kunne.

Benen da suke haya tsoho ne, kuma yana da wani bututun ruwa mai baƙin hali. Daga ɗakin ƙasa ya taso, ya bi ta cikin bangon da ya raba ɗakin Auta da na Baba, ya wuce hawan sama. Duk sanda aka buɗe famfo a ɗakin ƙasan, sai ya yi gurnani kamar tsohon da ke juyi a gado, in an rufe kuma ya buga ƙwas a cikin bango. Baba mai gyaran famfo ne, babu gidan da bai shiga da jakar kayan aikinsa ba a unguwar, amma wannan ya gagare shi. A cikin siminti yake, maigidan kuwa ya rantse ba za a fasa masa bango ba.

A ɗakin ƙasan Mai Tabarau yake zaune. Haka kowa ke kiransa, don a shagon yin tabarau yake aiki, shi kansa ma da nasa a fuska. Shi ne wanda Auta take so, wanda ya nemi aurenta Baba ya ce a'a. Shi ne kuma mai ciwon suga tun yana makaranta.

Bai taɓa ɓoye ciwon ba. Allurar insulin iri biyu yake yi wa kansa: ta abinci, in zai ci, da ta dare mai dogon aiki, wadda yake yi kafin ya kwanta ta riƙe shi har washegari. Amma 'yan watannin nan sugan ya ƙi zama wuri ɗaya. Cikin dare ƙishirwa takan tashe shi, maƙogwaro kamar an zuba yashi, ya lallaɓa ya buɗe famfo. Bututu ya yi gurnani. Ya rufe. Bututu ya buga.

Ya gwada dabara, bawan Allah. Ya riƙa cika robobi tun da yamma yana jerawa a gindin gado. To amma ruwan da ya shiga ciki dole ya nemi hanyar fita, tankin banɗaki kuma daga wannan bututun yake sha. Asiri dai bai rufu ba.

Ta wannan gefen bango Auta tana ji, tana cewa a ranta, ya tashi, yana nan. Ta wancan gefen Baba yana ji, shi ma da nasa tunanin. Da safe ba ya tankawa sai ya kurɓi shayi, sannan ya dubi kofin kamar da shi yake magana.

"Jiya ma maƙwabcinmu bai bar wa mutane ruwan wanka ba."

Auta takan sunkuyar da kai. Me za ta ce? Shaidar tana cikin bango.

* * *

Goggo, yayar Baba, ta zo ranar da Auta ba ta zuwa aiki. Ba ta zuwa hannu rabbana. Kullum da lemo a leda da magana a baki, kuma maganar ta fi lemon nauyi.

"Ke Auta, bar wankin nan, ba gudu zai yi ba. Zo ki zauna."

Auta ta goge hannu ta zauna a ƙasa. Baba yana kan kujera yana naɗe zare a jikin wani kan famfo, kamar babu kowa a ɗakin.

"Ɗan Maigida ya sake zuwa wurina," in ji Goggo. "Yaron nan har ƙasa ya durƙusa. Hawan sama gaba ɗaya an gyara masa, an yi fenti, saura labule, ya ce ke za ki zaɓa da kanki. Matakala kawai za ki hau ki shiga gidanki, mahaifinki yana ƙasanki. Wace 'ya ce ba ta son haka?"

"Goggo, ni ban ce yana da aibu ba."

"To mene ne?"

"Ba na son sa ne kawai."

"So!" Goggo ta tafa hannu. "So ne zai tashi ya ɗebo miki ruwa? Au, na manta, ke ce za ki riƙa ɗebowa. Ki bar mai lafiya ki ɗauki mai allura, da ƙuruciyarki ki zama nas ba albashi?"

Gaskiya Ɗan Maigida, ɗan mai benen, ba mugu ba ne, wannan ne ma abin haushin. Da mugu ne da Auta ta huta. Mutum ne mai fara'a da yawan turare, wanda bai taɓa yi mata komai ba sai alheri, ga shi ta rasa inda za ta ajiye alherin.

Goggo ta juya ga ƙaninta. "Kai kuma ka ji? Ya shawo kan mahaifinsa. Za a fasa bangon nan a cire maka bututun da ya hana ka sakat. Ƙarshen wata da safe zai kawo magina, da yamma manyansa su zo neman aure. Rana ɗaya ka huta da abu biyu."

Hannun Baba ya tsaya a kan zaren. Auta ta gani. Ta ja gwiwa ta matsa kusa da ƙafafunsa, hawaye sun riga ta isa.

"Baba, don Allah ka saurare ni. Mutumin nan bai taɓa ɓoye maka komai ba. Yana zuwa asibiti, yana allurarsa, ba ya fashin aiki. Ciwon nan ba shi ya ɗora wa kansa ba."

"Na ce shi ya ɗora?"

"To me ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba. Yaron kirki ne." Baba bai ɗago ba. "Innarki ma mutuniyar kirki ce."

Inna, mahaifiyar Auta, wannan ciwon ne ya yi ajalinta tun Auta tana ƙarama. Ba a cika ambatonta a gidan ba, sai hotonta da ke saman firji.

"Baba, lokaci ya canza. Magungunan yanzu ba irin na da ba ne. Likitarsa ta ce ana daidaitawa, kawai dai..."

"Ni ba likita ba ne, Auta. Mai gyaran famfo ne ni, kunne gare ni. Abin da ya lalace ƙara yake yi, abin da ya gyaru shiru yake yi. Ranar da bututun nan ya fara kwana bai yi kuka ba, ki zo ki yi mini maganar yaron nan. Kafin nan kada in ƙara ji."

Faɗa kawai ya yi don a ƙyale shi, irin maganar da gajiyayye ke yi ya manta. Auta kuwa ta karɓe ta hannu bibbiyu, ta ɗauka alkawari ne.

* * *

Da magariba ta tare Mai Tabarau a matakala, a kwanar da ƙwan fitilar ya daɗe da mutuwa. Ya taso daga shago a makare kamar kullum, da ledar abinci a hannu.

"Ranki ya daɗe, wa ya taɓa mini ke? Idanun nan sun yi ja. Ko in auna miki tabarau?"

Ba ta yi dariya ba. Ta kwashe komai ta faɗa masa, da Goggo, da magina, da manyan da za su zo, da maganar Baba. Ya ajiye ledar, ya zauna a kan matakala.

"Ƙarshen wata," ya ce a hankali. "Auta, abin nan ba ya son gaggawa. Likita cewa ta yi in ƙara allurar dare ɗan kaɗan, sannan in dakata kwanaki in ga abin da gwajin safe zai nuna, kafin in sake taɓawa. Ta ce wataƙila ma ba ita ce matsalar ba. Wataƙila abincin nan ne da nake ci a makare, allurarsa ce ba ta isa ba. Sai an bi a hankali ake ganewa."

"A hankali," Auta ta maimaita. "Shi ke nan, Malam. Ka bi a hankali. Su kuwa da sauri za su hawo matakalar nan."

Ba gori ta yi nufi ba. Gajiya ce ta ari bakinta. Amma magana ta riga ta fita. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da gefen riga, alhali ba datti a jiki.

"Shiru Baba yake so?"

"Shiru."

"Zai samu."

Ya kamata ta tambaye shi ta yaya. Ba ta tambaya ba. Ta ji daɗin amsar ne kawai, ta hau sama da ita.

* * *

Aka kwana biyu bututu ya rage surutu. Aka ƙara kwana biyu ya yi gum. Daga lokacin kwanciya har asuba babu gurnani, babu bugu, sai in Mai Tabarau ya buɗe famfo zai yi alwala.

Baba ya kurɓi shayi, ya dubi kofi, ya dubi bango, bai ce uffan ba. Washegari ma haka. Rannan har ya tsaya a ƙofar gida ya miƙa wa Mai Tabarau hannu, ya tambaye shi aiki. Auta tana leƙe ta taga, ta ji kamar ta taka rawa. A shago ranar har abokan aiki suka riƙa tsokanarta, wai yau almakashi ma waƙa yake yi.

Goggo da ta ji labari ta taɓe baki. "Wayo ne. Ciwon suga ba baƙo ba ne da zai yi sallama ya tafi."

Auta ta ji haushinta. Amma maganar ta zauna mata a rai, ta fara lura.

Kullum da safe sai ta ga zanin gadon Mai Tabarau shanye a igiyar tsakar gida. Namiji gwauro, wanda da sai ta yi masa tsiya kafin ya wanke, yau shi ne mai wanki kullum? Fuskarsa ta yi fayau. Ya fita rannan maɓallan riga a karkace. Ta gaishe shi, ya tsaya yana kallonta kamar mai neman sunanta a aljihu. Da ya zaro hankici kuwa, sai ga bawon alawa yana zubowa ƙasa.

Ta sake tare shi a kwanar nan mai duhu.

"Malam, me kake yi wa kanka?"

"Ni? Aiki da barci."

"Kada ka yi mini wasa, ba ni da ƙarfinsa. Allurar dare kake ƙarawa?"

Ya kau da kai. "Kaɗan."

"Ka dakata kwanakin da likita ta ce?"

Ya gyara zaman tabarau.

"Kullum kake ƙarawa?"

"Ƙishirwar ta tafi, Auta. Na rage abincin dare ma. Kin ga Baba shekaranjiya? Hannu ya ba ni. Tunda na tare gidan nan bai taɓa ba ni hannu ba."

"Zanin gadon fa? Me yake jiƙa shi?"

"Zufa ce kawai. Wajen asuba nakan farka jikina yana rawa, kaina yana sarawa. In tsotsi alawa, ya wuce."

"In ba ka farka ba fa?"

"Ina farkawa."

"Na ce in ba ka farka ba fa?"

Ta toshe baki da mayafi kada a ji a sama, kafaɗunta suna rawa. Ya miƙo hannu, ya tuna inda suke, ya mayar.

"Saura jibi," ya ce. "Bari su zo, Baba ya ce musu a'a. Washegari ina gaban likita, ta zage ni son ranta. Na yi miki alkawari."

"Na gaji, Malam. Wallahi na gaji. Da, in na ji bututun nan sai in ce yana nan, in juya in yi barci. Yanzu ina kwance ina sauraron abin da babu. Ban san lafiya ce ta sa ka shiru ba, ko kuwa..." Ta share ido da mayafi. "Ka koma yadda likita ta ce. Yau ɗin nan. In rasa ka a aure ya fi mini sauƙi da in rasa ka gaba ɗaya."

"Ni kuma bai fi mini ba."

"Malam!"

"To. Na ji."

Ta san irin wannan "to" ɗin. Ita ma shi take ce wa Goggo.

Ta hau sama tana jan ƙafa. Ta tsaya a ƙofar Baba, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa. In ta faɗa masa, ta miƙa masa hujjar da yake nema, jibi ya ce wa manyan Ɗan Maigida ya ba su. In ba ta faɗa ba, ta bar mutum yana wasa da ransa saboda ita. Ta sauke hannun, ta shige ɗaki.

* * *

Ranar ƙarshen wata, asuba ta yi, bututu bai motsa ba.

Auta ta idar da salla ta zauna a kan darduma, kunne a jikin bango. Ta ce wataƙila makara ya yi. Ta ce wataƙila da ruwan roba ya yi alwala. Taga ta fara haske. Motar farko ta wuce a titi, sai ta biyu. Bango yana nan shiru kamar ba a taɓa sa masa bututu ba.

Ta zabura ta buɗe ƙofa, sai ta yi turus.

Baba ne tsaye a baranda, da rigar jiya a jikinsa, jakar kayan aiki a hannu, idanu jawur.

"Bai buɗe ba," ya ce.

"Baba..."

"Bai taɓa wuce asuba bai buɗe ba. Taho."

Ba ta taɓa ganin Baba ya sauka matakala haka ba. Ya bubbuga ƙofar ɗakin ƙasa, ya kira, ya sake bugawa. Babu amsa. Ya zaro wani dogon ƙarfe daga jaka, ya cusa a tsakanin ƙofa da bango, ya danna da ƙirji. Sakata ta yi tsalle.

Mai Tabarau yana ƙasa, tsakanin gado da wurin wanke hannu. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Idanunsa a buɗe amma ba kowa a cikinsu, bakinsa yana motsi ba magana. Tabarau ya karye a ƙarƙashin kafaɗarsa, ga alawa ɗaya a tafin hannunsa, bai samu ya ɓare ba.

Auta ta ƙwalla ƙara, ta yi kan famfo da kofi.

"Ba ƙishi yake ji ba!" Baba ya daka mata tsawa. "Sugan ne ya faɗi. Ruwa kaɗan, ki zuba suga da yawa, ki dama. Yi sauri. Kawo cokali."

Ya durƙusa, ya tallafo kan saurayin ya jingina shi da gwiwarsa. Ya kira shi da ƙarfi, ya ɗiga masa kaɗan a baki, ya zuba wa maƙogwaron ido.

"Yana haɗiya. Alhamdu lillahi. Ki riƙe wannan a ranki: in ba ya haɗiya, ba a zuba masa komai, sai asibiti a guje."

Cokali ɗaya, ya dakata. Wani cokalin, ya dakata. Hannun nan mai kanta, wanda yake murɗe ƙarfe mai tsatsa, ko ɗigo bai zubar ba. Auta tana durƙushe tana kallo, addu'a tana harɗe mata a baki. Sai yanzu ta gane ba yau Baba ya fara wannan aikin ba.

Can rawar jikin ta lafa. Idanun suka fara dawowa, suka yi yawo a silin, suka sauka a kan fuskar da ke samansa. Ya daɗe yana kallo kafin ya gane wane ne.

"Baba," ya ce, murya can ƙasa. "Ban buɗe famfo ba."

Auta ta ga fuskar mahaifinta ta motsa kamar an mare shi.

Suka ɗaga shi suka zaunar a bakin gado. Baba ya sa ta gutsuro burodi ta ba shi. Sannan ya ɗauki allurar dare daga kan tebur, irin mai kama da biro wadda ake murɗa gindinta, ya jujjuya ta.

"Wa ya ce ka ƙara?"

Mai Tabarau ya sunkuyar da kai.

"Ni na kai masa maganar," in ji Auta. "Ka ce ranar da bututu ya yi shiru. Ni na faɗa masa, Baba. Ni na ce ya yi sauri."

Baba ya ajiye allurar. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya jingina da bango, daidai inda bututun ya shige. Nan take ya tsufa a idonta.

"Kai yaro, ashe ba ka da hankali," ya ce, ba faɗa a muryar. "Ana wasa da wannan? Don tsoho ya yi ɓaɓatu sai ka sa ranka a gaba?"

"Ina son ta ne, Baba."

"Na sani. Ai shi ne matsalar."

Ya shafa fuska da hannu biyu, ya juya ga 'yarsa.

"Shekaru na yi ina kwana da kunne ɗaya a buɗe, Auta. In Innarki ta tashi shan ruwa, in tashi. In ba ta tashi ba, in tashi in duba ko tana numfashi. Babu daren da ya zama nawa. Ban taɓa yi mata gori ba, ko yau aka dawo da ita zan sake. Amma ta tafi, kunnen ya ƙi rufuwa. Tunda yaron nan ya tare, in ya buɗe famfo ina ji, in ya rufe ina ji. Kwanakin nan da ya yi shiru, kin ɗauka barci nake? A bakin gado nake kwana a zaune. Na san irin shirun nan, na yi ta ce wa kaina ba shi ba ne." Ya girgiza kai. "Ba ƙin sa nake ba. Gajiyar nan ce ba na son ki gada. Ina so 'yata ta kwanta ta yi barci kamar kowa. Laifi ne?"

Hawaye suna bin fuskar Auta, ba ta share ba.

"Ba laifi ba ne, Baba. Amma ka makara. Na riga na gada."

"Auta."

"In ka ba da ni ga Ɗan Maigida, ina za a kai ni? Sama. Bututun nan har can yake zuwa, kai ka faɗa mini. In an bar shi, in kwana a gidan wani ina sauraron ƙishirwar wannan. In an cire shi, in kwana ina sauraron shiru irin na yau, kuma ba ni da ikon saukowa in fasa ƙofa. Wanne ka zaɓa mini a ciki? Barcin da kake nema mini ba ya sama, Baba. In dai gajiyar ce dole, ka bar ni in yi ta a kusa da shi."

Baba ya jingina kai da bango, ya lumshe ido.

Sai hon ɗin mota a waje. Aka ji ana sauke kaya, ƙarfe yana bugun ƙarfe. Ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Ɗan Maigida ya leƙo da fara'arsa, magina biyu a bayansa da guduma a kafaɗa.

"Baba, ina kwana? Na hau sama ban same ka ba. Ga mutanen, yau dai za ka..." Ya ga ƙofa a ɓalle, ya ga wanda ke bakin gado a jiƙe, ya ga Auta a durƙushe. Fara'ar ta zame daga fuskarsa. "Lafiya?"

"Da sauƙi," in ji Baba. Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar. "Ɗana, ka sallami mutanen nan. Bangon a bar shi."

"A bar shi? Baba, kai ne fa kake ta roƙo shekara da shekaru."

"Ni ne. Yanzu kuma na ce a bar shi." Ya juya ga Mai Tabarau. "Kai kuma, yau ɗin nan za mu je wurin likitarka, ka faɗa mata abin da ka aikata da bakinka. Abin da ta ce, shi za ka yi, ko zai ɗauki shekara. In ƙishi ya tashe ka, ka buɗe famfo. Ka buɗe shi sosai. Ina so in ji."

Ɗan Maigida ya dubi Auta, ya dubi Baba. Ba wawa ba ne.

"Maganar yamma fa, Baba? Manya sun shirya."

Baba bai dube shi ba, bai kuma dubi Auta ba. Ya jawo ƙaramar jakar da ke kan tebur, ya zuge, ya fito da na'urar gwajin suga da abin huda yatsa. Ya daɗe yana riƙe da su kamar mai auna nauyinsu.

Sannan ya miƙa mata.

"Lokacin gwaji ya yi. Matso nan. A gefen yatsa ake hudawa, ba a tsakiya ba, ya fi sauƙin zafi. Innarki ce ta koya mini." Ya nuna mata wurin a yatsan Mai Tabarau. "Tunda kin ce za ki iya, riƙe hannunsa. Fara koya."